Ƙawar Taba da Neman Maganinta

Kawuna tela ne, kuma ya haura shekara talatin yana shan taba. Ba ya sha a gida, ba ya sha a gaban manya. In ƙawarta ta taso masa sai ya sauke ƙafa daga kan keken ɗinki, ya ce bari ya zaga, ya bi ta lungun bayan shago inda mai tireda ya riga ya san kara nawa zai miƙo masa. Duk watan azumi yakan ɗaura niyyar rabuwa da ita. Wata shekara ya kai goma ga wata, wata shekara har a ci salla a sauke, sannan wata rana ka shiga shagon ka ji warin nan ya kama atamfofin da ke rataye. Na taɓa yin ƙarfin hali na ce masa, "Kawu, ai kun kusa kaiwa gaci, me ya mayar da ku?" Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ɗana, ba ka san abin ba ne. Ni ba na nemanta, ita ke nemana."

A gida an yanke masa hukunci tun tuni: rashin zuciya ne, sabo turken wawa. Na daɗe ina ganin haka nan ne. Abin da ya raba ni da wannan ra'ayi shi ne bibiyar aikin da likitoci suka shafe sama da shekara hamsin suna yi a kan wannan matsala, domin abin da suka gano ya fi kusa da maganar kawu fiye da tamu.

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa cutar daji. Amma guda ɗaya ne ke riƙe mutum, shi ne nikotin. Daga zuƙa zuwa isarsa ƙwaƙwalwa bai wuce daƙiƙa goma zuwa ashirin ba. A can akwai wasu gurabe a jikin jijiyoyi da yake shiga daidai wa daida, kamar mabuɗi a kwado, da ya shiga sai ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin, mutum ya ji wata 'yar nutsuwa. In aka yi ta maimaita haka sau ɗaruruwa a rana, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara yawan guraben, ta koma ba ta daidaita sai da shi. Ga shi kuma ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa biyu rabinsa ya tafi. Shi ya sa mashayi ke farkawa da ƙawa, kuma shi ya sa tambayar da Karl Fagerström na ƙasar Suwidin ya sa a cikin ma'auninsa na 1978 har yau ta fi kowace fallasa zurfin kamuwa: bayan ka tashi daga barci, minti nawa kake yi kafin ka kunna ta farko? Wanda ba ya kai rabin awa, nasa ya yi nisa. In ya daina, abin da ke biyo baya sananne ne: saurin fushi, rashin barci, kasa tara hankali, yawan jin yunwa. Ya fi tsanani a makon farko, yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, ko da yake ƙawar kanta kan riƙa leƙowa har bayan watanni. A 1988 Babban Likitan Amurka ya fitar da rahoto cewa kamun da nikotin ke yi irin na hodar iblis ne da heroin.

Tun a 1976 wani likitan ƙwaƙwalwa a Landan, Michael Russell, ya faɗi abin da ya bayyana tushen matsalar. A taƙaice, nikotin mutane ke nema in sun kunna sigari, amma kwaltar hayaƙin ce ke kashe su. In haka ne, a raba su mana: a ba mutum nikotin ɗinsa ta hanyar da babu hayaƙi, a riƙa rage masa a hankali har ya yaye.

Kafin in shiga batun magungunan, ya kamata a san yadda ake auna su, don a nan ne masu tallar magani a kasuwa da masu bincike suka rabu. Ba a karɓar shaidar "na sha na warke". Ana tara mashaya ɗaruruwa ko dubbai, a raba su gida biyu da ƙuri'a. Gida ɗaya a ba su maganin gaske, ɗayan a ba su ƙwayar holoƙo mai kama da shi sak, wadda babu komai a cikinta, kuma daga likita har majinyaci babu wanda ya san wa ya samu wanne. Sai bayan wata shida ko shekara a ƙirga. Wanda ya ce ya daina ma ba a tsayawa ga bakinsa, ana sa shi ya hura wata 'yar na'ura da ke auna iskar kabon monoksaid a numfashinsa, ko a gwada yawunsa. Wanda ya ɓace ba a sake ganinsa ba, a lissafa shi cikin waɗanda suka koma. Da irin wannan tsauraran ma'auni aka gano lambar da ta fi kowace ba ni tausayin kawu: cikin mutum ɗari da suka yi yunƙurin dainawa da ƙarfin zuciya kaɗai, uku zuwa biyar ne ke kai shekara. Wani bincike da aka yi a lardin Ontario na Kanada, aka buga a 2016, ya ƙiyasta cewa mashayi na iya yin yunƙuri har talatin kafin wanda zai ɗore.

Maganin farko daga Suwidin ya fito. A 1967 wani likita, Claes Lundgren, ya lura da yadda sojojin jiragen ƙarƙashin teku, da ba a barinsu su kunna wuta, ke komawa tabar da ake cusawa a leɓe, sai ya rubuta wa Ove Fernö na kamfanin magunguna na Leo yana ba shi shawarar a yi wani abu mai tsabta da zai maye gurbinta. Fernö ya yi cingam mai nikotin. Na farkon bai yi aiki sosai ba, sai da ya gane cewa nikotin ba ya ratsa fatar baki da kyau sai an haɗa shi da sinadari mai kashe tsami. Tsofaffinmu da ke cakuɗa garin taba da kanwa kafin su sa a baki sun riga shi gano wannan da ɗaruruwan shekaru, ko da yake su cuta suke ƙara wa kansu da shi. Cingam ɗin, mai suna Nicorette, ya shiga kasuwar Suwizalan a 1978, ta Amurka a 1984. A farkon shekarun 1990 aka fito da filasta da ake liƙawa a dantse, daga baya aka samu alawar tsotsa da abin feshi a baki.

Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwaje da tace su, ta haɗa gwaji 133 a kan waɗannan a 2018, mutum sama da 64,000, ta ga suna ƙara damar dainawa da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. A kula da ma'anar wannan. In dā mutum goma cikin ɗari ke dainawa, yanzu sha biyar ko sha shida ne. Saura tamanin da wani abu suna nan inda suke. An kuma gano cewa haɗa biyu ya fi ɗaya da kamar rubu'i: filasta ta riƙe jini a daidai yini guda, cingam ko alawa kuma a ajiye don lokacin da ƙawa ta yi ƙamari, kamar bayan cin abinci. Da yawa waɗanda suka ce sun gwada cingam bai yi musu komai ba, taunarsa suka yi kamar na yara, nikotin ya bi yawu ya faɗa ciki, ya sa su shaƙuwa da ƙwannafi. Ana ɗan tauna shi ne har a ji yaji-yaji, a ajiye a kumatu, in yajin ya tafi a sake taunawa. Shan lemo ko kofi dab da sa shi ma na hana shi shiga.

Magani na biyu tuntuɓe aka yi da shi. Bufrofiyon na masu ciwon damuwa ne, sai aka lura wasu da ke shansa suna cewa sigari ya fita ransu. Wata likita a asibitin tsofaffin sojoji na Loma Linda a Kalifoniya, Linda Ferry, ta bi diddigin abin, aka amince da shi a 1997 da sunan Zyban. Ƙarfinsa daidai yake da filasta. Aibinsa shi ne yana iya tayar da farfaɗiya ga kamar mutum ɗaya cikin dubu, don haka ba a ba mai wannan lalura.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na uku, kuma magani biyu ne a cikinsa, uwa da 'ya.

Akwai wata bishiya a Turai mai furanni rawaya da ke zubowa kamar zara-zaran 'yan kunne, ana kiranta labanom. A cikin irinta akwai sinadarin saitisin, wanda ƙirarsa ta yi kama da ta nikotin. Yana shiga gurbin nan na ƙwaƙwalwa, amma rabin murɗawa kawai yake yi. Wannan rabin ya isa ya kwantar da ƙawa, kuma tunda ya riga ya tare kwadon, in mutum ya kunna sigari sai ya ji ta salam, ba daɗin da ya saba. Kamfanin Sopharma na Bulgeriya ya mayar da shi ƙwaya mai suna Tabex a 1964, tun kafin a yi mafarkin cingam. Aka yi ta sha a Bulgeriya da Poland da Jamus ta Gabas da Tarayyar Sobiyet. Amma lokacin Yaƙin Cacar Baka ne, rahotannin gwajinsa cikin Jamusanci da Rashanci da Bulgeriyanci suke, kuma ba su cika ƙa'idojin da Yammacin Turai ke nema ba. Ga babbar matsala kuma: sinadarin bishiya ne da ya tsufa, babu kamfanin da zai mallake shi shi kaɗai, saboda haka babu mai zuba miliyoyin dalolin da babban gwaji ke ci. Shekara arba'in yana zaune a kantunan Sofiya da Warso, sauran duniya ba ta san da shi ba.

Waɗanda suka waiwaye shi da farko masana harhaɗa magani ne na kamfanin Pfizer, ƙarƙashin Jotham Coe. Sun ɗauki ƙirarsa suka gina sabon sinadari a kai, bareniklin, wanda ya fito a 2006 da sunan Chantix a Amurka, Champix a sauran wurare. Ya yi tashe nan da nan, sai kuma rahotanni suka fara fitowa cewa wasu masu shansa na shiga ƙunci, har da tunanin kashe kai. A 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa, likitoci suka ja baya. Matsalar ita ce barin taba kanta na hargitsa rai, kuma masu taɓin hankali sun fi kowa shan taba, to ta ina za a san laifin wane ne? Sai da aka yi gwaji mafi girma a tarihin wannan fanni, mai suna EAGLES, mutum 8,144 a ƙasashe 16, rabinsu da gangan aka zaɓo masu tarihin lalurar ƙwaƙwalwa. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2016. Ba a ga ƙarin mummunar matsalar ƙwaƙwalwa ga masu bareniklin ko bufrofiyon fiye da masu filasta ko holoƙo ba, aka cire gargaɗin a ƙarshen shekarar. A wata na shida kuwa, kusan kashi 22 cikin ɗari na masu bareniklin ba su koma ba, bufrofiyon da filasta kimanin 16 kowanne, holoƙo 9. Abin da ya fi damun masu shansa tashin zuciya ne, ga kamar mutum ɗaya cikin huɗu, sai mafarkai barkatai. Shekara bakwai aka yi ana gudun magani mafi ƙarfi da ake da shi. Ba na ganin laifin hukuma da ta yi taka-tsantsan, amma mutanen da suka ci gaba da zuƙa a waɗannan shekaru su ma rayuka ne. A 2021 kuma aka janye shi daga kasuwa saboda an ga wani gurɓataccen sinadari a cikin ƙwayoyin, kafin wasu kamfanoni su fito da nasu.

Ita uwar fa? A 2006 wani mai bincike a Janiba, Jean-François Etter, ya tono tsofaffin rahotannin nan ya tattara su, ya nuna cewa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Robert West na Landan da abokan aikinsa na Poland suka yi gwaji na zamani a Warso da mutum 740, aka buga a 2011. Bayan shekara guda, kashi 8.4 na masu saitisin ba su koma ba, na holoƙo 2.4. A lokacin, kuɗin maganin gaba ɗaya, ƙwaya ɗari na kwana 25, kamar dala 15 ne a Poland. A 2014 Natalie Walker a Niyuzilan ta gwada shi da filasta da cingam a kan mutum 1,310, a wata na farko saitisin ya samu kashi 40, su kuma 31. A Ostireliya a 2021 aka kara shi da 'yarsa bareniklin, 'yar ta ɗan fi, kashi 13.3 da 11.7, amma masu saitisin sun fi ƙarancin koke-koken illa. Sai a 2024 ya shiga kantunan Birtaniya, shekara sittin cif bayan Bulgeriya. (Wajibi ne in faɗi wannan, don na san mu da son sassaƙe: bishiyar kanta guba ce, irinta na kwantar da yara a asibiti a Turai. Awon miligiram ɗaya da rabi a ƙwaya shi ya mayar da ita magani.)

Akwai gwaji guda da ya kamata ya rage mana zumuɗi, kuma shi ne wanda yanayinsa ya fi kama da namu. A Bangaladesh da Pakistan an ba masu tarin fuka 2,472 saitisin ko holoƙo, dukansu kuma ma'aikatan lafiya suka zauna da su suka yi musu nasiha. Da aka buga sakamako a 2020, kashi 32 na masu magani sun daina, na holoƙo kusan 30. Bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Amma a dubi lambar holoƙon. Mutum uku cikin goma sun bar taba ba da wani sinadari ba, illa dai tsoron ciwon da ya kama su da kuma maganar wanda suka yarda da shi a daidai lokacin. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma majinyacinsa na zuwa karɓar magani wata shida a jere. Wannan dama ce da ke wucewa a gaban idonmu kullum.

Ƙarfin magana ba sabon gani ba ne. Russell ɗin nan ya gwada shi a 1979 da likitoci 28 a Landan da mashaya sama da 2,000. Waɗanda likita ya ce musu su daina, ya miƙa musu 'yar takarda, ya ce zai sake tambaya, kashi 5.1 sun daina har shekara. Waɗanda ba a ce musu komai ba, 0.3. Minti ɗaya ko biyu ke nan na aikin likita. A 2011 an gwada saƙonnin tes na ƙarfafa gwiwa a kan mutum 5,800 a Birtaniya, ya ninka masu dainawa daga kashi 4.9 zuwa 10.7, kuma wannan abu ne da ƙaramar wayar da ke aljihun ɗan acaɓa za ta iya ɗauka. Har kuɗi an gwada. A Glasgow an yi wa mata masu juna biyu alkawarin takardun sayayya na fam 400, kashi 22.5 suka daina, waɗanda ba a ba su ba 8.6. Wasu sun ga kamar ana saka wa mai laifi ne. Ni ina ganin kuɗin jinyar jariri ɗaya da aka haifa bakwaini ya ninka wannan sau da yawa, kuma mai ciki ba ta da zaɓi mai yawa, tunda ba a ba ta bareniklin ko saitisin. Duk inda aka haɗa magani da nasiha, sakamako ya fi na kowanne shi kaɗai.

Wasu hanyoyin kuma sun faɗi. Allurar rigakafin nikotin, NicVAX, wadda aka sa wa rai za ta tare shi tun a jini, ta kasa fin holoƙo a manyan gwaje-gwaje biyu a 2011. Tsira allurai irin na Sin da sa mutum barcin tsafi ma ba su nuna hujja tsayayya ba.

Sai abin da ya raba kan masana har yau, sigarin lantarki. Wani mai harhaɗa magani a Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro shi a 2003 bayan cutar dajin huhu ta kama mahaifinsa. Yana dumama ruwa mai nikotin ya zama tururi, babu ƙonewa, babu kwalta. Peter Hajek ya gwada shi a Ingila da mutum 886, aka buga a 2019: bayan shekara, kashi 18 sun bar sigari, masu filasta da cingam 9.9. Sai dai cikin waɗanda suka bari ta wannan hanya, takwas cikin goma suna nan suna zuƙar na lantarkin, alhali masu filasta ɗaya cikin goma ne kawai bai yaye ba. Birtaniya ta rungume shi har tana raba shi ga mashaya. Indiya ta haramta shi a 2019. Ostireliya ta tsare shi a kantin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin abin da take ba da shawara ba. A ganina duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, bambancin wurin da kowa ke tsaye ne. Ga dattijo irin kawu da ya sha shekara talatin ya gwada komai, komawa tururi ya fi masa zama a hayaƙi nesa ba kusa ba. Amma a ƙasar da mafi yawan matasa ba su taɓa shan taba ba, kuma hukuma ba ta da ƙarfin bin abin da ake zubawa a ruwan, kaya mai ƙamshin mangwaro da alawa sabbin mashaya zai haifa fiye da tsofaffin da zai ceta. Mun riga mun ga yadda shisha ta shiga cikin 'yan mata da samarin da ba za su taɓa yarda a gan su da karan sigari ba.

A 2023 Cochrane ta haɗa komai wuri guda, gwaji 319 da mutum sama da 157,000. Cikin ɗari, kamar shida ke dainawa ba magani, tara da filasta ko cingam shi kaɗai, sha biyu in an haɗa su, sha huɗu da bareniklin ko saitisin ko sigarin lantarki. Iyakar abin da ilimi ya kai ke nan zuwa yanzu. Wani zai raina sha huɗu. Amma maganin da ake sha wata ɗaya zuwa uku, a iya sake gwadawa baɗi in an faɗi bana, dole a auna shi da abin da yake sayowa. Richard Doll da abokan aikinsa sun bi likitocin Birtaniya maza sama da 34,000 tun daga 1951 har shekara hamsin. Mashayi na rasa kimanin shekara goma na rayuwarsa. Wanda ya daina yana ɗan talatin ya dawo da kusan dukansu, ɗan arba'in ya dawo da tara, ɗan hamsin shida, ɗan sittin ma uku.

Abubuwa biyu ƙanana sun shafe mu kai tsaye. Na farko, ko a rage a hankali ko a yanke lokaci guda? An gwada a Ingila da mutum 697, aka buga a 2016: a wata na shida masu yankewa kashi 22, masu ragewa 15.5, duka da taimakon filasta. Niyyar kawu ta azumi ba kuskure ba ce ke nan. Mai azumi na yin awa goma sha uku ko sha huɗu ba taba, kwana talatin a jere, ga jama'a duk ana tare. Inda ake faɗuwa shi ne bayan shan ruwa, lokacin da ake rama abin da aka rasa, kuma daidai nan ne magani zai yi amfani da a ce akwai shi. Na biyu, hayaƙin taba na sa hanta ta riƙa saurin narkar da sinadarin kafeyin da ke cikin shayi da kofi da goro. Da mutum ya daina, hantar ta koma yadda take, sai goron da ya saba ci ya riƙa yi masa aikin kusan ninki. Mu kuwa shawarar farko da muke ba mai barin taba ita ce ya riƙe goro. Sai ya kwana ido biyu, gabansa na faɗuwa, ya ɗora laifin a kan rashin sigari, ya koma. Kawu ya yi wannan a gabana, da ƙullin goro a aljihu da kofin shayi a kan teburin yanka.

Kusan duk gwaje-gwajen da na ambata an yi su ne a kan mutanen Turai da Amurka da Ostireliya masu shan kara goma zuwa ashirin a rana. Mashayinmu sau da yawa kara-kara yake saye, uku yau, biyar gobe, gwargwadon abin da aljihu ya ba shi, duk da cewa dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari sai a kwali. Ga kuma masu shaƙa da masu taunawa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kusan namiji ɗaya cikin goma ke amfani da taba, mata kuwa ɗaya cikin ɗari, kuma in aka buga wannan da yawanmu miliyoyi ne. An san jikin mutane ya bambanta wajen saurin narkar da nikotin, kuma masu asalin Afirka galibi sun fi jinkiri. Wani gwaji a 2015 ya nuna masu jinkirin filasta na yi musu daidai da bareniklin, ba tare da tashin zuciya ba. Wani kuma a Kansas a 2022, a kan baƙaƙen Amurka 500 da yawancinsu ba masu yawan sha ba ne, ya samu bareniklin da kashi 15.7, holoƙo 6.5. Waɗannan alamu ne masu kyau, amma Kansas ba Kano ba ce, kuma asibitocin koyarwarmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin da za su iya yin irin wannan gwaji a kan mutanenmu da kuɗi kaɗan, musamman da magani mai araha irin saitisin.

A watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko a kan jinyar masu son barin taba. Ta ce cikin mutum biliyan 1.25 masu amfani da taba, sama da miliyan 750 na son dainawa, amma kashi 70 cikin ɗari ba su da inda za su samu taimako. Ta amince da magunguna huɗu: bareniklin, nikotin na filasta da cingam, bufrofiyon, da saitisin. Ta kuma nemi kowane ma'aikacin lafiya ya riƙa ba da daƙiƙa talatin zuwa minti uku ga duk mashayin da ya zo gabansa, ko da ciwon ƙafa ya kawo shi.

Kawu ya daina yana da shekara hamsin da takwas, bayan tari ya kwantar da shi sati uku. Na tambaye shi ko a duk zuwansa asibiti a baya wani ya taɓa yi masa maganar taba. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce sau ɗaya wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi, ya ce ba ya sha, don matarsa na tsaye a wurin. Da na ba shi labarin ƙwayar Bulgeriya, sai ya tambaye ni shekarar da aka fara yin ta. Na ce 1964. Ya ce, "Ashe ta girmi shan tabata."